John Dunstaple, Mai Tsara Waƙa na Ingila: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya shiga karatun tarihin waƙar Turai, ɗalibi ne ko mai koyar da mawaƙan coci ko mai sha'awa kawai, ba ya nisa sai ya yi kiciɓis da sunan John Dunstaple. Littattafai kan ba shi layi uku ko huɗu su wuce, mai karatu ya tashi da tambayoyin da suka fi waɗanda ya zo da su yawa. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wane ne John Dunstaple?

Mai tsara waƙa ne ɗan Ingila. An haife shi wajen shekarar 1390, ya rasu ranar 24 ga Disamba 1453, jajibirin Kirsimeti, aka binne shi a Landan. Shekarar haihuwar ƙiyasi ce da masana suka yi, ganin cewa waƙoƙinsa na farko da suka iso hannunmu na tsakanin 1410 da 1420 ne. Ranar rasuwar kuwa daga rubutun kan kabarinsa aka samo ta.

Kusan duk aikinsa waƙoƙin ibadar Katolika ne da harshen Latin, waɗanda aka tsara wa muryoyi uku ko huɗu. Mutanen zamaninsa sun san shi kuma da lissafi da ilmin taurari. Abin da ya ɗaga sunansa shi ne, a lokacin da kowa ke ganin Faransa da Italiya su ne gidan waƙa, sai ga wani salo daga tsibirin Ingila ya ƙetare teku, manyan mawaƙan nahiyar suka ji, suka saki nasu suka kama shi. Marubutan ƙarni na 15 da kansu suka ce Dunstaple ne jagaban wannan salo.

Dunstaple ko Dunstable, wanne ne daidai?

Duka biyun za ka gani, kuma mutum ɗaya ake nufi. Akwai gari mai suna Dunstable a yankin Bedfordshire, kimanin kilomita 50 arewa da Landan, kuma ana kyautata zaton daga can sunan zuriyarsa ya samo asali. Tsofaffin littattafai da fayafayai sun fi rubuta shi da "b" irin na garin. Margaret Bent, wadda ta rubuta littafi a kansa a 1981, ta nuna cewa rubuce-rubucen hannu na zamaninsa sun fi yawan sa "p", shi ya sa masana a yau suka koma ga Dunstaple. In kana neman waƙoƙinsa a intanet, gwada duka biyun.

Wane irin zamani ya rayu a ciki?

Zamanin yaƙi. Duk rayuwarsa ta faɗa cikin Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa, wanda aka fara a 1337, ya ƙare a 1453, shekarar rasuwarsa. Yana saurayi Sarki Henry na Biyar ya ci Faransawa a Agincourt a 1415, Ingila ta mamaye Normandy, har ta riƙe birnin Paris na wasu shekaru. Yana tsakiyar ƙarfinsa aka ƙone Joan ta Arc, budurwar da ta jagoranci sojojin Faransa, a Rouen a 1431. Ya tsufa yana kallon ƙasarsa tana asarar duk abin da ta ci, ban da tashar Calais. A shekarar da ya rasu ne kuma Daular Usmaniyya ta ci Konstantinoful, wato Istanbul ta yau. Mai son ya auna da tarihin gida, shekara goma ke nan kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463.

Wannan mamaya ta Faransa tana da hannu dumu-dumu a labarin waƙarsa, kamar yadda za a gani a amsar tambayar yadda salon Ingila ya ƙetare teku.

Da aka ce waƙa mai muryoyi uku ko huɗu, me ake nufi?

A waƙoƙinmu na gargajiya jagora ne ke bayarwa, 'yan amshi su karɓa, bi da bi. Ko da mutum ashirin ne ke amshi, kari ɗaya suke bi. Waƙar su Dunstaple ba haka take ba. Mutum uku za su buɗe baki a lokaci guda, kowa da karinsa dabam, wannan na hawa wancan na sauka, wani ya ja sauti ɗaya ya daɗe, wani ya yi ta kai da komo a samansa. Gwanintar mai tsarawa ita ce ya saƙa waɗannan muryoyi yadda duk inda suka haɗu za su dace. Shi ya sa dole a rubuta ta da alamomi a takarda, don ba abu ne da za a riƙe da ka kawai a koya wa wani ba.

Yawanci akwai murya ɗaya da ke ɗauke da tsohon karin coci, irin wanda aka gada ana rerawa da murya guda tun ɗaruruwan shekaru. Ana kiranta teno, daga kalmar Latin mai nufin riƙewa. Ita ce ginshiƙi, sauran muryoyin a kanta ake ɗora su.

Ina ganguna da sauran kayan kiɗa?

Babu. Wannan na ba mutane mamaki, tunda ana sa shi cikin tarihin "kiɗa". Abin da ya bari na muryar ɗan Adam ne, kuma maza ƙalilan ƙwararru ne ke rera shi a ɗakin ibadar sarki ko na wani basarake, ko a babbar coci ranar idi. Wasu fayafayan da aka yi a tsakiyar ƙarni na 20 sun cusa algaitu da kakaki irin na Turai, amma yawancin ƙungiyoyin yau da murya zalla suke yi.

Limamin coci ne? Su wa ya yi wa aiki?

An daɗe ana ɗaukarsa malamin coci, tunda yawancin masu tsara waƙar ibada a lokacin haka suke. Takardun haraji da na filaye da aka tono daga baya sun nuna wani mutum dabam: mai dukiya, mai gidaje da gonaki a Landan da Essex da Cambridgeshire, har da Normandy. Wato bafade ne, mai cin arzikin gidan sarauta.

Iyayen gidansa uku aka sani, duka daga gidan sarautar Lancaster mai mulki. Akwai John, mai sarautar Bedford, ƙanin Henry na Biyar, wanda ya riƙe Faransa a madadin jaririn sarki Henry na Shida daga 1422 har ya rasu a Rouen a 1435. Wani littafin ilmin taurari da ke kwalejin St John's a Cambridge yana ɗauke da rubutu cewa mallakar Dunstaple ne, mawaƙin mai Bedford. Akwai Sarauniya Joan ta Navarre, matar marigayi Henry na Huɗu, wadda takardu suka nuna tana ba shi albashi da kyaututtuka masu tsoka daga wajen 1427. Da ta rasu a 1437 sai ya koma hannun Humphrey, mai sarautar Gloucester, autan 'yan'uwan Henry na Biyar, mutum mai son littattafai wanda har yau wani sashe na laburaren Bodleian a Oxford ke ɗauke da sunansa.

Kada mai karatu ya ɗauke shi kamar makaɗin fada mai wasa sarki da kirari. Ubangida ke ciyar da shi, gaskiya ne, amma waƙar tasa ta ɗakin ibada ce. Darajar da basarake ke samu ita ce baƙi su zo su ji irin mawaƙan da yake riƙe da su.

Ta yaya salon Ingila ya ƙetare teku?

Ta hanyoyi biyu manya. Ta farko yaƙi. Manyan Ingila da suka zauna a Rouen da Paris sun tafi da mawaƙan ɗakin ibadarsu, kuma daga 1420 zuwa 1435 masarautar Burgundy, wadda fadarta ta fi kowace fada a arewacin Turai kashe kuɗi kan waƙa, ƙawar Ingila ce. Mawaƙan ɓangarorin biyu sun yi ta haɗuwa a bukukuwa da jana'izu da naɗin sarauta, irin naɗin Henry na Shida a Paris a 1431.

Ta biyu tarukan coci. Taron Constance, daga 1414 zuwa 1418, wanda aka kira don a kawo ƙarshen rikicin masu da'awar kujerar Paparoma, ya tara manyan limamai daga ko'ina, kowa da mawaƙansa. Ulrich Richental, ɗan garin da ya rubuta tarihin taron, ya ambaci daɗin waƙar mutanen Ingila. Taron Basel da aka fara a 1431 ya ja shekaru sha takwas, kuma a irin waɗannan wurare mawaƙa kan ari littafin juna su kwafa. Filayen da Dunstaple ya mallaka a Normandy da alaƙarsa da mai Bedford su ne suka sa ake ganin shi da kansa ya zauna a Faransa na wani lokaci.

Mene ne "contenance angloise" da ake yawan haɗawa da sunansa?

Kalmomin tsohon Faransanci ne, ma'anarsu kamannin Ingila, ko a ce yayin Ingila. Sun fito ne daga wata doguwar waƙar baka da Martin le Franc ya rubuta wajen 1440 zuwa 1442, mai suna Le Champion des Dames, wadda ya sadaukar ga Philip mai Burgundy. A wasu baitoci ya ce Guillaume Dufay da Gilles Binchois, manyan mawaƙan lokacin, sun fi magabatansu na Paris, domin sun ɗauki kamannin Ingila, sun bi sawun Dunstaple, shi ya sa waƙarsu ta yi armashi.

Le Franc marubucin baitoci ne, bai zauna ya fayyace abin da yake nufi dalla-dalla ba. Masana ne suka koma ga waƙoƙin suka zaƙulo siffofin: sauti cikakke mai taushi, yawan amfani da tazarar uku da ta shida, kaffa-kaffa da duk haɗuwar da za ta kartar kunne, da karin murya ta sama mai gudana kamar ruwa a kan rairayi. Ya kamata a san abin da ake ji a Faransa kafin nan. Wajen 1400 mawaƙan can sun kai wahalar da waƙa matuƙa, kowace murya da nata lissafin bugun, har akwai wanda ya rubuta waƙarsa cikin siffar zuciya don burgewa. Kunnen da ya saba da wannan, da ya ji na Ingila, kamar wanda ya sha yaji ne aka miƙa masa fura da nono.

Me ya sa ake ta maganar "tazarar uku"? Mene ne abin mamaki a cikinta?

Wanda ya koyi do-re-mi a makaranta ko a ƙungiyar mawaƙa zai gane da sauri. Daga do zuwa so tazarar biyar ce, daga do zuwa mi tazarar uku, daga do zuwa la tazarar shida. A yau in aka danna do da mi da so tare a kan kibod, wannan shi ne sauti mafi sauƙi da kowa ya saba da shi. A Turai ta ƙarni na 13 da 14 malamai ba su ɗauki do da mi a matsayin cikakkiyar dacewa ba, kuma dalilinsu na lissafi ne.

Ka ɗauki tsirkiyar molo ka kaɗa, sannan ka danne ta a daidai rabi ka sake kaɗawa. Sauti ɗaya za ka ji, sai dai na biyun ya fi tsini, kuma nisbarsu 2 bisa 1 ce. In ka bar kashi biyu cikin uku na tsirkiyar, ka sami tazarar biyar, 3 bisa 2. Wannan ilmi daga Pythagoras aka danganta shi, ya iso makarantun Turai ta littafin Boethius na ƙarni na 6. A wurin malaman, iyakar sauƙin lambobin iyakar tsarkin sautin. To, in aka bi wannan hanya aka lissafo tazarar uku, sai ta fito 81 bisa 64, lamba mai kauri marar kyan gani, kuma da gaske in an rera ta haka tana ɗan ƙaiƙayi a kunne. Sai aka ajiye ta a matsayin wurin wucewa, ba wurin tsayawa ba.

Mawaƙan Ingila kuwa sun daɗe suna rage ta kaɗan da muryarsu, ta koma 80 bisa 64, wato 5 bisa 4, sai ta yi zaƙi. Wani ɗan zuhudu mai suna Walter Odington ya lura da haka tun wajen 1300 ya rubuta. Abin da ya fi burge ni a lamarin Dunstaple ke nan: mutumin da ya san lissafin Boethius ciki da bai, har akwai kwafin littafin da ke da alaƙa da shi a Oxford, shi ne ya cika waƙoƙinsa da tazarar da lissafin ya raina. Bai watsar da lamba ba, kamar yadda amsar tambayar Veni Sancte Spiritus za ta nuna. Ya dai bar kunne ya yi hukunci a inda hukuncin na kunne ne.

To shi ya ƙirƙiro wannan salo?

A'a. Gadonsa ya yi. Waƙoƙin Ingila na ƙarni na 13 da 14, irin guntattakin da aka samu a Worcester, cike suke da tazarar uku da shida. Kundin Old Hall, wanda aka haɗa wajen 1415 zuwa 1421, yana da waƙoƙi kusan 150 na mawaƙan Ingila da dama, kuma wanda ya fi yawa a ciki Leonel Power ne, wanda ya girme shi, ya rasu a Canterbury a 1445. Dunstaple ya tace salon, ya ba shi tsari mai faɗi, kuma sunansa ne ya fi tafiya. Mutanen nahiya sun buƙaci suna ɗaya da za su rataya wa abin da ya zo musu daga tsibiri, nasa ya samu.

Da gaske masanin taurari ne?

Da gaske ne, kuma a zamaninsa ba wanda zai yi mamaki. Manhajar jami'o'in Turai ta haɗa fannoni huɗu wuri guda: lissafi, ilmin awon siffofi, waƙa, da falaki. Duka ana ganinsu ilmin lamba ne. Akwai rubutun hannunsa na ilmin taurari, da zane-zane, a kwalejin Emmanuel ta Cambridge, sannan wani kundi a Oxford ya adana wasu ƙididdigar falaki da aka danganta masa na shekarar 1438. Falakin da Turawan lokacin ke karantawa mafi yawansa ta hannun malaman Musulmi ya zo musu, irin su al-Farghani da Abu Ma'ashar, waɗanda aka fassara littattafansu daga Larabci zuwa Latin tun ƙarni na 12.

Sana'ar tana da haɗari a fadar da ya zauna. An tsare Sarauniya Joan a 1419 bisa zargin sihiri, ta yi kusan shekara uku a tsare. A 1441 kuma aka kama Eleanor Cobham, matar Humphrey, da laifin sa masu duba taurari su lissafo ajalin sarki. Aka kashe Roger Bolingbroke, ɗaya daga cikinsu, ita kuma ta ƙare rayuwarta a tsare. Dunstaple masanin taurari ne a hidimar wannan gida a daidai waɗannan shekaru, kuma ya fita lafiya, ya mutu da mutuncinsa da dukiyarsa.

Me ya sa malamai ke yawan kawo Veni Sancte Spiritus misali?

Domin a cikinta ake ganin mai lissafin da mai kunnen a wuri ɗaya. Motet ce, wato waƙar addini ta Latin mai zaman kanta, mai muryoyi huɗu, addu'a ga Ruhu Mai Tsarki, kuma an gina ta da wata tsohuwar dabara ta Faransa wadda masana na ƙarni na 20 suka raɗa wa suna aisoridim, wato bugu mai maimaita kansa. Teno tana ɗaukar guntun tsohon kari ta rera shi sau uku. Zagaye na farko a hankali ƙwarai, na biyu ya fi sauri, na uku ya fi duka, bisa nisbar 3 da 2 da 1. Mai sauraro ba ya ƙirgawa, amma yana jin waƙar tana matsowa, tana ƙara zafi har ta kai ƙarshe.

Kowace daga muryoyin sama tana da nata baitocin, ana rera su lokaci guda. Irin wannan gini a hannun wani sai ya fito kamar allon lissafi. A hannun Dunstaple ya fito da taushi, saboda dalilan da aka bayyana a amsar tazarar uku. Motet irin wannan kusan goma sha biyu ya bari. Ɗaya, Albanus roseo rutilat, ta yabon Alban ce, waliyyin garin St Albans. Wata, Preco preheminencie, ana danganta ta da bikin godiya da aka yi a Canterbury a 1416 gaban Henry na Biyar da Sigismund, sarkin Jamus da Hungary.

Ana cewa yana da hannu a sauya tsarin waƙar Misa. Ta yaya?

Misa ita ce babbar ibadar Katolika, kuma tana da sassa biyar da kalmominsu ba sa canzawa: Kyrie, Gloria, Credo, Sanctus da Agnus Dei. A da, kowane sashe dabam ake tsara shi, mai haɗa littafi ya jera Gloria wuri ɗaya, Credo wuri ɗaya, ranar ibada a zaɓa. Guillaume de Machaut ya taɓa tsara cikakken jeri wajen 1360, amma babu kari ɗaya da ya ɗaure sassan.

Mawaƙan Ingila na zamanin Dunstaple ne suka fara ɗora duka sassan a kan teno guda, ta yadda mai ibada zai ji abu ɗaya yana dawo masa daga farko har ƙarshe. Misalan farko sun haɗa da Alma redemptoris mater ta Leonel Power, da Da gaudiorum premia ta Dunstaple, da Rex seculorum wadda wani kundi ya ce tasa ce, wani ya ce ta Power ce. Wata Misar Ingila da ba a san mai ita ba, Caput, ta ƙara murya a ƙarƙashin teno, ta yi tasirin da har Ockeghem da Obrecht suka tsara nasu a kan karinta. Wannan tsari ya zama babban fagen gwada gwaninta a Turai sama da shekara ɗari.

Me ya sa yawancin waƙoƙinsa a Italiya aka same su?

Saboda Ingila ta lalata nata. Tsakanin 1536 da 1541 Henry na Takwas ya rushe gidajen 'yan zuhudu ya ƙwace dukiyarsu, sauye-sauyen addini da suka biyo baya kuma suka mai da littattafan waƙar Latin abin zubarwa. Da ma tun kafin nan, waƙar da ta tsufa ba a cika adana ta ba. Littattafan na fata ne, fata kuwa tana da amfani, sai aka yayyanka su aka yi bangon wasu littattafai. Har yau masu bincike kan ɓare bangon tsohon littafin haraji su ci karo da rabin shafin waƙa.

Abin da ya cece shi kwafe-kwafen da baƙi suka yi. Kundaye bakwai na Trento, a arewacin Italiya, suna ɗauke da waƙoƙi sama da 1,500 na ƙarni na 15, cikinsu da na Ingila masu yawa. Akwai kundin Aosta, da na Bologna, da wani a Modena da aka rubuta don fadar Ferrara wajen shekarun 1440, wanda ya ware sashe guda na motet na Ingila. Ba don waɗannan magatakarda ba, da sunansa kawai za mu sani.

Waƙoƙi nawa ya bari, kuma duka nasa ne?

Tsakanin hamsin da sittin, gwargwadon yadda mai ƙirga ya ɗauki masu gardama. Magatakardan Italiya da Jamus sukan rubuta "na Ingila" kawai a saman shafi, ko wannan ya sa Dunstaple wancan ya sa Power ko Benet ko Forest a kan waƙa ɗaya. Sunan da ya shahara yana jan kayan wasu. O rosa bella, waƙar soyayya da ta zaga Turai a ƙarni na 15, an daɗe ana cewa tasa ce, yanzu yawancin masana sun mayar wa John Bedyngham kayarsa.

Su wa suka ɗauki tasirinsa?

Dufay, wanda ya rasu a 1474, da Binchois, wanda ya rasu a 1460, su ne na kusa. Daga su abin ya gangara ga Ockeghem da Busnois, daga nan ga Josquin des Prez wanda ya rasu a 1521. Johannes Tinctoris, babban malamin ƙa'idar waƙa da ya zauna a fadar Naples, ya rubuta a farkon shekarun 1470 cewa an sami sabuwar fasaha, mafarinta da tushenta a wurin mutanen Ingila, Dunstaple ne shugabansu. A 1477 ya ƙara da cewa duk waƙar da ta wuce shekara arba'in da tsarawa ba ta cancanci a saurara ba. In ka cire arba'in daga 1477, ka sauka daidai shekarun da Dunstaple ke tashe. Wannan maganar ce ta sa masu tarihi ke fara ƙirga zamanin farfaɗowa, wato Renaissance, a waƙa daga wajen 1430.

Tinctoris bai bar mutanen Ingila sun tafi da yabon duka ba. A wuri guda ya ce Faransawa kullum suna fito da sabo, su kuwa na Ingila sun tsaya a kan abu ɗaya.

Mutanen ƙasarsa sun riƙe shi da daraja?

Na ɗan lokaci. John Whethamstede, shugaban gidan 'yan zuhudu na St Albans kuma aminin Humphrey, ya rubuta masa baitocin makoki. Bayan ƙarni ɗaya da rabi kuwa, a 1597, Thomas Morley ya ambace shi a littafinsa na koyar da waƙa ya yi masa ba'a, wai ya raba kalma ɗaya gida biyu ya sa hutu a tsakiyarta. Wasu marubuta ma sun rikita shi da Dunstan, babban limamin Canterbury da ya rasu a 988, suka ce shi ya ƙago waƙa mai muryoyi da yawa, abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi kafin a haifi Dunstaple. Sai a 1953, cikar shekara 500 da rasuwarsa, aka buga dukan ayyukansa a littafi guda cikin jerin Musica Britannica, kuma wanda ya tattara su, Manfred Bukofzer, haifaffen Jamus ne da ke koyarwa a Amurka. An sake gyara bugun a 1970.

Kabarinsa na nan?

An binne shi a cocin St Stephen Walbrook, a tsakiyar tsohon birnin Landan. Gobarar 1666 ta cinye cocin, Christopher Wren ya sake gina ta. An yi sa'a wani ya kwafe rubutun kan kabarin kafin gobarar, aka mayar da shi jikin bango a 1904. Layinsa na farko na cewa wannan kabari ya rufe mutumin da ya rufe sammai a ƙirjinsa, kuma rubutun ya ba ilmin taurarinsa fili daidai da na waƙarsa.

Da wacce zan fara saurare?

Da Quam pulchra es. Ba ta kai minti uku ba, muryoyi uku ne, kalmominta daga Waƙar Waƙoƙi ta Littafi Mai Tsarki. Babu tsohon kari a ƙarƙashinta, muryoyin suna tafiya kusan tare, gaɓa da gaɓa, har kana iya bin kalmomin ko ba ka jin Latin. Kasa kunne wurin da suka tsaya cak a kan kalmar "veni", wato zo, kafin su ci gaba. Bayan ta sai Veni Sancte Spiritus, ka gwada ko za ka kama lokacin da teno ta sake ɗauko karinta da sauri. Ƙungiyar Hilliard Ensemble ta yi faifan motet ɗinsa a farkon shekarun 1980, Orlando Consort ta yi nata a tsakiyar shekarun 1990, kuma ana samun duka biyun a intanet. Ka sa abin ji a kunne, ko ka nemi ɗaki marar hayaniya, don lasifikar waya takan haɗiye murya ta ƙasa.